Wane littafi zan riƙa karanta wa 'yan aji 5?

Antin Aji Biyar:
Assalamu alaikum malamai. Dan Allah shawara nake nema. Ina koyarwa a wata firamare nan wajen Gwale, hedimasta ya ba ni darasin ƙarshe na ranar Alhamis in yi abin da na ga dama da shi, ni kuma so nake in riƙa karanta musu labari da baki suna saurare, don wallahi da yawansu har yanzu sai sun haɗa baƙi suke karatu, in ka miƙa musu littafi sai zare ido. Kwafi ɗaya zan saya da kuɗina. Ba tatsuniya nake so ba, sun ji gizo da ƙoƙi har sun gaji, labari nake so mai tsawo wanda za mu riƙa bi mako mako. Banda na soyayya dan Allah, kar iyaye su zo min.

Tsohon Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri, aikin lada kika ɗauko. Ni dai in kin bi ta tawa ki nemi Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Na karanta wa ɗalibai shi shekara da shekaru kafin in yi ritaya kuma ban taɓa ganin ajin da ya yi barci a kansa ba. Littafin ba shi da kauri, cikin zango ɗaya kin gama, kuma farkonsa ne yake kama yara, yaro ne ya tashi ba ya iya tafiya har ya girma yana zaune a gida, sai daga baya ya sami lafiya da ƙarfi ya hau dokinsa Ƙwalele ya shiga duniya. Ki lura da kyau ranar da kika karanta wurin, yaran nan na bencin baya da kullum ake ce musu daƙiƙai su za su fi kowa nutsuwa. Asalin labarin ma na ƙasar Rasha ne aka mayar da shi Hausa, amma ya zauna daram, yaro ba zai taɓa ganewa ba.

Sai dai ki karanta shi a gida tukuna, da fensir a hannu. Akwai kalmomin yaƙi irin su sulke da kwalkwali da yaran yanzu ba su sani ba, kar ki tsaya dogon bayani a tsakiyar faɗa, kafin ki fara ki tambaye su waye ya je kallon hawan daushe, me 'yan lifidi suke sawa, shi ke nan sun gane. Sannan kar ki bari ƙararrawa ta yanke miki, ke za ki yanke da kanki, daidai inda aka zare takobi ki rufe littafin ki sa a jaka. Za su yi ta ihu Anti ƙarasa mana, ki ce sai Alhamis.

Abban Walida:
Baba Malam ka yi haƙuri ni fa ban yarda ba. Magana Jari Ce fa? Ai duk wanda ya yi firamare a Arewa da shi ya tashi, kuma matsalar labari mai tsawo a makarantunmu ita ce fashi, yau yarinya ta zo gobe an tura ta talla, wanda bai ji makon jiya ba ya za a yi ya gane na yau. Shi kuwa na Abubakar Imam kowane labari da kansa yake tsaye, kuma duk da haka akwai zaren da ya ɗinke su, a littafi na 1 aku ne yake ta jan Musa ɗan sarki da labari don kar ya fita ya faɗa tarkon waziri. Kin ga kin sami biyu kenan Malama. Ga ban dariya, ki karanta musu Kalala da Kalalatu ki gani.

Tsohon Malamin Hausa:
Gaskiyarka a kan fashi, amma maganinsa mai sauƙi ne, minti biyar na farko ki tsayar da yaro ɗaya ya ba waɗanda ba su zo ba labarin inda aka kwana, in ya yi kuskure 'yan aji su gyara masa, wannan ma darasi ne babba don a nan za ki san wa ya saurara. Magana Jari Ce littattafai uku ne, ba inda zai je, ta ajiye shi zuwa zango na biyu. Hausarsa ta fi nauyi, jimlolin Imam dogaye ne ga karin magana a kowane lungu, mai karantawa da baki sai ya iya numfashi.

Ummu Sadik:
Ni ba malama ba ce uwa ce, amma abu ɗaya zan ce, in wani ya ce miki Ruwan Bagaja to ki duba shi da kyau kafin ki kai aji. Littafi ne mai daɗi ba musu, tun gasar rubuta littattafan Hausa da aka yi a 1933 yake, sai dai abin da Alhaji da Malam Zurƙe suke wa juna duk damfara ce da ramuwa, na karanta wa nawa a gida sai da na riƙa tsallake wasu wurare, ƙaramin kuwa har yau Zurƙe ne gwaninsa. Ya fi dacewa da 'yan sakandare a ganina. Kuma Malama ki ji tausayin muryarki, ki shiga da ruwa a gora, ki tsaya a tsakiyar aji ba gaban allo ba.

Antin Aji Biyar:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na tsaya a kan Iliya, Abban Walida kar ka ji haushi naka na nan tafe bayan hutu. Baba Malam a ina zan samu, kuma bugun wane kamfani ne?

Tsohon Malamin Hausa:
Bugun NNPC ne na Zariya, wato kamfanin buga littattafai Northern Nigerian Publishing Company. Ki leƙa wajen masu sayar da littattafai a kasuwar Sabon Gari, in babu a shagon farko ki ce su tambayo miki maƙwabta. Ki buɗe ki duba shafukan kafin ki biya, akwai na jabu da tawadar ta dushe wani ma shafi ya ɓace a tsakiya.