Ƙurar siminti za ta kashe tsamin ruwan tsofaffin ramukan zinare?

Injiniya (Atbara, Sudan): Jama'a, ina nan a kan bakana. Ƙurar da murhun siminti ke fitarwa za ta yi maganin ruwan tsamin da ke tsatsowa daga ramukan da aka yi watsi da su. A ramukan akwai wani dutse mai ƙyalli kamar zinare, ƙarfe ne da farar wuta. Da an tono shi ya sha iska da ruwa sai ya haifar da asid, asid ɗin kuma ya narko tagulla da dalma. Ƙurar cike take da farar ƙasa, yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa haka take yi. Tun 1947 ake siminti a garin nan, ƙura ba ta yanke mana ba.

Kawu (Maiwurno): Ɗana, shara a kan shara ke nan. Wa ya wanke ita ƙurar?

Injiniya: Kawu, ai magina na da, da katsin marina suke yin laso. Abin da marini ya zubar shi ke tare ruwa a soro.

Kawu: Katsi mun san baba ne da toka. Wannan fa?

Malama (Kasala): Kawu na da hanzari. Ƙurar kanta takan ɗauko gishiri da ƙarafa masu guba, sai an auna kowace mota kafin a juye. In kanwar ta yi yawa, arsenik, wata guba da ke cikin duwatsun, na iya sakewa ya bi ruwa. Tsatsa ma takan lulluɓe ƙurar, aikinta ya ragu tun tsamin bai ƙare ba. Kogin Tinto na Sifaniya, da ke ratsa yankin tsofaffin ramukan ma'adinai, har yau ja ne, ruwansa da tsami ƙwarai.

Direba (Gadarif): Ni duwatsun Bahar Maliya na sani, wajen mahaƙar zinare ta Hassai. Ruwan sama nawa ake yi a can? Zaibar da ake tace zinare da ita ce ke cin yaranmu a kasuwannin zinare, ita za ku yi wa magana.

Injiniya: Gaskiya ne, ƙura ba ta taɓa zaiba, ban ce tana yi ba. Amma ƙarancin ruwan ne ke ba ni tsoro, Yaya. Gishirin tsamin yana taruwa a kan tarin duwatsun shekara da shekaru, ruwa ɗaya mai ƙarfi ya kwashe shi gaba ɗaya zuwa kwarin da raƙuman ƙabilar Bija ke sha.

Malama: To a gwada a rami ɗaya, a auna rijiyoyin da ke ƙasa da shi damina biyu. Kafin nan ban sa hannu ba.

Kawu: Kuɗin motar da za ta kai ƙurar fa, wa zai biya? Mai ramin ya daɗe da tafiya.