Me ya faru a jami'ar Mishigan a kakar 2023?

Dan_Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Ƙanina yana karatu a jami'ar Mishigan da ke Ann Arbor, jiya muna bidiyo kol na gan shi da shuɗiyar riga an rubuta 15-0 da rawaya a ƙirji, ina tambayarsa sai ya kama ba ni labarin kakar 2023 kamar jiya aka yi, har muryarsa na rawa. Ni dai ƙwallon ƙafa irin tamu na sani, wannan ta Amurka mai hular kwano ban gane kanta ba. Dan Allah masu sani me ya faru a shekarar? kuma wai da gaske ɗalibai ne ke bugawa?

Bakano_a_Detroit:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ɗalibai ne wlh, da safe suna aji, ran Asabar su fito filin da ke cin mutum sama da dubu 107, Big House ake ce masa. 15-0 ɗin nan na nufin wasa 15 suka buga ba wanda ya ci su, har suka ɗau kofin ƙasa, rabonsu da shi tun 1997.

Amma abin da ya sa ƙaninka ke jin abin a ransa sai ka koma baya kaɗan. Shekara biyu a jere suna zuwa kusa da na ƙarshe ana koro su, jami'ar Georgia ta yi musu 34-11, shekarar da ta biyo jami'ar TCU ta Texas ta ci su 51-45, ranar nan gari ya yi tsit. Akwai wani yaro Blake Corum, gajere ne amma ƙaƙƙarfa, ya ji ciwo a gwiwa ƙarshen 2022, da ya so da ya wuce gasar ƙwararru ta NFL ya fara ɗibar kuɗi, sai ya ce a'a sai ya dawo an ƙarasa aikin, manyan abokansa da dama ma suka zauna.

Wasan da ba zan manta ba shi ne na kusa da na ƙarshe da suka yi da jami'ar Alabama ran 1 ga Janairu 2024. Saura ƙasa da minti biyu ana cin Mishigan suka rama, aka tafi ƙarin lokaci, Corum ya kutsa da gudu ya ci, Alabama suka zo saura yadi 3 su rama kuma damarsu ta ƙarshe kenan, ni a tsaye nake a falo shayina ya huce ban ma sani ba, aka tare ɗan wasansu aka danne. 27-20. Fainal kuma suka lallasa Washington 34-13 a Houston ran 8 ga wata.

Zazzau_Columbus:
Malam Bakano ka faɗi mai daɗin ka bar mai ɗacin. Ai a shekarar ne aka gano wani ma'aikacin Mishigan na tura mutane filayen wasu ƙungiyoyi suna ɗaukar bidiyon alamun da masu horarwa ke yi da hannu, kuma dokar gasar ta hana. Shi ya sa aka dakatar da kocinsu Jim Harbaugh wasa uku na ƙarshen kaka kafin a shiga wasannin kofi. Mu a nan Ohio abin har yau yana mana ciwo gaskiya.

Bakano_a_Detroit:
Yallaɓai ba na musu, laifi an yi shi kuma bai dace ba. Sai dai bayan asiri ya tonu kowa ya sauya alamunsa, koci ba ya fili, mataimakinsa Sherrone Moore ya ja su suka je har gidan Penn State suka ci 24-15, suka ci Ohio State ɗinku 30-24. Moore har kuka ya yi a talabijin bayan wasan Penn State. Waɗannan kam yaran da ƙarfinsu suka ci.

Dan_Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, yanzu na gane inda yaron ya dosa. To shi kocin yana nan har yanzu?

Zazzau_Columbus:
Ina, a watan da suka ɗau kofin ya koma NFL, ƙungiyar Chargers ta Los Angeles. In za ka kalla ka nemi na Alabama ɗin a YouTube, ka ce ƙanin naka ya zauna a waya yana maka bayanin doka.