Me Ya Sa Kyan Sura Yake Danne Murya a Kasuwar Waƙa?

Mai Nazari: Assalamu alaikum. Jama'a, ina neman a fahimtar da ni dalilin da ya sa kamfanonin waƙa suke zuba maƙudan kuɗi wajen tallata mawaƙin da muryarsa ba ta taka kara ta karya ba, alhali masu baiwar gaske suna zaune babu wanda ya san da su.

Dattijon Zaure: Wa alaikumus salam. Malam, labarin Milli Vanilli ya ishe ka amsa. Wani mai shirya waƙoƙi ɗan Jamus, Frank Farian, ya ɗauko samari biyu, Rob Pilatus da Fab Morvan, masu dogon kitso da iya rawa, ya sa su a gaba da sunan Milli Vanilli, muryar kuwa ta wasu mawaƙa ce da aka ɓoye. A 1989 suna kan dandamali a jihar Connecticut ta Amurka, na'ura ta maƙale tana maimaita baiti ɗaya, amma kasuwarsu ba ta faɗi ba, har suka karɓi kyautar Grammy a 1990, kafin Farian ya fasa ƙwai a watan Nuwamba a ƙwace ta.

Hajiyar Gida: Baba, ni ina ganin mu masu sauraro muna da namu laifin, domin ido muke ciyarwa kafin kunne. Sai dai a waƙoƙin finafinanmu na Hausa kowa ya san jarumi baki kawai yake motsawa, don haka ban ɗauki wannan yaudara ba.

Mai Nazari: Hajiya, haka ne, amma yanzu da manhajar kwamfuta ta Auto-Tune take gyara karkatacciyar murya, kamfani ba ya ma buƙatar ɓoye kowa.