Ranar kasuwa a Badagishiri: ina ake aje mota kada a sha tara?

Ɗan Adar: Salamu alaikum jama'a. A garuruwan da gudron ya ratsa, kamar Badagishiri a hanyar Kwanni zuwa Tawa, ranar kasuwa kowa a bakin hanya yake tsayawa. To wa ke da ikon cin mutum tara, jandarma ko mutanen mariya? Kuma tikitin da ake yanka wa mai mota, shi ne tarar?

Tsohon Direba: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Abu biyu ne ka haɗa. Tikitin kasuwa ko na tasha kuɗin wuri ne, asusun mariya yake shiga, ba laifi ka yi ba. Tara kuwa ta karya dokar hanya ce, kuma a ƙauye jandarma ke riƙe da ita, a cikin birni 'yan sanda. Biyan tikiti bai wanke ka ba in tayarka na kan gudron.

Inda aka fi kama mutane: kan kwana, bisa gada ko wuyan gada, bakin mararraba, gangaren da mai zuwa ba ya hango ka, da ƙofar likita ko makaranta. Sauke taya huɗun duka daga kwalta. Biyu a ƙasa biyu a sama shi ne ke sa kamiyon albasa ya kauce ya shiga hannun wani.

Malam na Tasha: Gaskiya ne Baba. In ƙara da maganar takardu, domin tsayuwar banza ita ke jawo a ce kawo permi, kart giris, asiransi da bizit teknik. Ɗaya ta mutu, tara ta zama biyu. In an rubuta maka, ka duba resi: kwanan wata, lambar mota, sunan laifin, yawan kuɗin da hatimi. Babu resi, ba ka biya komi ba. In aka riƙe permi, kada ka tashi sai an ba ka takardar da ta nuna brigadin da za ka karɓo shi.

Mai Gareji: Furiyar ce mai zafi, wato filin da hukuma ke tsare motar da ta kama, don kuɗinta da kwana ake lissafawa, ga na jan mota daban. Babur ma ana kwasa. A biya da wuri.

Motar da ta lalace da dare kuma: kunna wutar gargaɗi, aje alamar kusurwa uku mita 30 ko fiye a baya, in a kan kwanar hanya ne kuwa tun kafin kwanar. Rassan itace da duwatsun da ake jerawa suna taimako, amma a kwashe su in an gyara, masu kabu-kabu ke cin karo da su.

Ɗan Adar: Allah ya saka da alheri. To filin aje motar, wa zan tambaya?

Malam na Tasha: 'Yan sendika na tasha ko mai yanka tikitin. Su suka san filin da mariya ta ware.