Shuɗin hasken cikin ruwan injin nukiliya: me za mu kira shi?

'Yan'uwa, ina neman sunan Hausa ga shuɗin hasken nan da ke tashi a cikin tafkin ruwan injin nukiliya. A littattafai an rataya masa sunan Pavel Cherenkov, ɗan Rasha da ya lura da shi a 1934, yana aiki ƙarƙashin malaminsa Sergei Vavilov. Ilya Frank da Igor Tamm suka bayyana dalilinsa a 1937, su ukun ban da Vavilov suka karɓi kyautar Nobel a 1958. Shi Vavilov ya rasu tun 1951.

Ga yadda abin yake. A sararin da babu komai a cikinsa, haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Da ya shiga ruwa sai ya ragu zuwa wajen 225,000. To, idan ƙwayar lantarki mai tsananin gudu ta ratsa ruwan, tana iya tsere wa hasken da ke cikinsa. Sai ta bar haske a bayanta yana bazuwa, kamar igiyar da kwalekwale mai inji ke bari a kogi.

Wani malami ya ce a ce "shuɗin haske" kawai. Malam, ai walƙiyar mai walda ma shuɗiya ce, ita kuma hanyarta daban.

Wata 'yar'uwa ta kawo "tururin nukiliya". Yaya, ban bi ki ba. Ba a injin nukiliya kaɗai yake fitowa ba. A Japan akwai Super-Kamiokande, tankin ruwa tan 50,000 a ƙarƙashin dutse, da shi suke kama sawun niyutirino, wasu ƙananan ƙwayoyi masu wuyar kamawa, ta wannan hasken. A ƙarshen kudancin duniya kuma ƙanƙara ake amfani da ita.

Ni na tsaya a kan "hasken tsere", don shi ne ya faɗi abin da ya faru. Wani ya ce ɗalibi zai zaci an karya dokar Einstein, wadda ta ce babu abin da ke tsere wa haske. To, malamin aji ya ƙara "a cikin ruwa" sau ɗaya, magana ta ƙare. A sarari babu abin da ya tsere wa haske.

A takardar jarrabawa a rubuta "hasken Cerenkof". 'Yan cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ku da ke da injin bincike a Zariya tun 2004, wanne kuke faɗa a tsakaninku?