Gwajin dalma a ganye da gashin tsuntsu: me ya sa sakamako ke tsalle-tsalle?

Ɗalibar Muhalli:
Assalamu alaikum malamai. Ana auna gubar dalma a bishiyoyin da ke kewaye da wurin narkar da tsofaffin batura. Ganyen bishiya ɗaya, aka tsinka rana ɗaya, amma wani samfurin ya ninka ɗan'uwansa sau da yawa. Ina matsalar take? Kuma gashin tsuntsayen wurin zai wadatar a matsayin shaidar cewa gubar ta shiga jikinsu?

Mai Ɗakin Gwaji:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ƙura za ki fara zarga. Yawancin tsirrai suna riƙe dalma ne a saiwa, kaɗan ke hawa zuwa ganye, don haka abin da na'ura ke gani galibi ƙurar da ta kwanta a bayan ganyen ce. Ganye mai gashi-gashi ko mai danƙo ya fi santsattse kama ta, tsoho kuma ya fi sabon toho.

Ki raba kowane samfur gida biyu. Rabi ki bar shi yadda yake, rabi ki ɗauraye da tataccen ruwa sau uku. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce ƙurar, kuma kada ki raina wannan adadi, domin dabbar da ke kiwo ba ta wanke ganye kafin ta ci. Ki busar a digiri 60 zuwa 70 har nauyi ya daina sauka, ki niƙa a turmin dutsen agat ko na tangaran. Injin niƙa na ƙarfe yana zuba nasa ƙarfen a ciki. Rabin giram na garin ya isa a narkar cikin mililita 10 na asid ɗin naitirik mai ƙarfi.

Malamin Ƙasa:
Ƙari a kan bayanin Malam: kwalabe da bututai su kwana cikin naitirik mai kashi 10 cikin ɗari kafin a ɗauraye. A kowane zagaye a sa kwalba guda ba samfur, asid kawai. In ita ma ta nuna dalma, to ɗakin ne ya gurɓata aikin. A sa kuma samfurin da aka riga aka san adadin dalmarsa don a gane ko na'urar na faɗin gaskiya.

Ƙasar gindin bishiyar a haƙa daga sama zuwa santimita 20, wuri biyar, a cakuɗa, a tankaɗe da rariya mai ramin milimita 2. A auna tsaminta, saboda ƙasa mai tsami ta fi sakar wa saiwa dalma. A rubuta ko adadin na busasshen nauyi ne ko na ɗanye, nan mutane da yawa ke tuntuɓe.

Mai Nazarin Tsuntsaye:
Batun gashi, 'yar'uwa, shi kaɗai ba zai ɗauke ki ba. Ga zaiba yana da kyau, tunda tana shiga gashin daga jini lokacin da yake tsirowa ta zauna a nan. Dalma kuwa tana manne wa gashi daga waje, yana tsufa tana ƙaruwa, wanki da sinadarin asiton da ruwa ma ba ya fitar da ita duka.

Jini ya fi. Yana nuna abin da tsuntsun ya ci a makonnin baya, kuma kada a ɗiba fiye da kashi 1 cikin ɗari na nauyinsa. Dalmar da ta haura maikirogiram 20 a desilita (mililita 100) na jini ana ɗaukarta alamar tsuntsun ya haɗu da dalma fiye da kima. Mataccen tsuntsu a ɗauki hanta da ƙoda, ƙashi kuma don tarihin shekaru. A duba ciki ko akwai gutsuren harsashi, kamar yadda aka gano a manyan ungulayen Kalifoniya ta Amurka, don kada a ɗora wa batura laifin maharba. Zaɓi tsuntsun da ba ya ƙaura, kuma ki nemi izinin hukumar namun daji kafin ki kafa raga.