Don Allah ku taimake ni, wai na san babana kuma ban san shi ba

Salamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗan terminal ne (ajin ƙarshe na sakandare) nan Maradi, bana in sha Allahu zan yi bak (jarrabawar fita), to mushenmu (malaminmu) na filozofi, wato falsafa, ya ba ni ekispoze (bayani gaban aji) ran Alhamis kan wata tambaya da ta hana ni barci. Ya ce min ka san babanka? Na ce e mana. Ya ce to ga wani ya shigo ya naɗa rawani ya ja amawali har bisa hanci irin na Buzaye, ka san shi? Na ce a'a. Ya ce to ai babanka ne, ke nan ka san shi kuma ba ka san shi ba. Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa na san akwai coge cikin zancen amma na kasa ɗora yatsa wurin. Ya ce wani Bagirke Eubulides ya ƙago ta tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mi zan ce gaban aji?

Wani daga Bagalam:
Kai ma da wahalar da kai, ka ce tsoho ya kwance rawanin a huta mana.

Wata malama daga Zariya:
Ɗana kada ka bi ta dariyarsu, tambayar ta ba manya wuya. Ka fara da abin da kowa ya sani a gida. Zara matar wata da ake gani da magariba, da Gamzaki da ke fitowa da asuba, tsofaffi da yawa sun ɗauka taurari biyu ne, alhali abu guda ne, duniyar da Turawa ke kira Venus. Irin wannan misalin wani Bajamushe Gottlob Frege ya kawo a 1892. Ya ce in ka ce Zara ita ce Zara ba ka ƙara wa kowa komi ba, amma in ka ce Zara ita ce Gamzaki ka ba da labari sabo, to ina bambancin ya fito tunda abu ɗaya ake nufi? Amsarsa ita ce suna yana da abin da yake nunawa, yana kuma da hanyar da yake bi ya nuna shi. “Babana” da “mai rawanin nan” mutum guda suke nunawa, hanyar ce biyu, kai kuwa ta guda ka san shi.

Wani ɗan jami'ar Dan Dicko Dankoulodo:
Malama ta gama magana, ƙari kawai zan yi ƙanena. Mushenka da ƙa'idar wani masani Bajamushe, Leibniz, ya ɗaure ka, wadda ta ce in A da B abu guda ne to duk sifar da A ke da ita B na da ita. Wannan daidai ne ga tsawo ko shekaru, in baba na da shekara 60 mai rawani ma 60 gare shi ko ka yarda ko ka ƙi. Amma “na gane shi” ba jikin baba take ba, cikin kanka take, shi ya sa ba a musanya suna bayan “na san” ko “ina tsammani” a ce dole gaskiyar ta tsaya yadda take. Kuma a Hausa sani da ganewa daban ne, ka ce masa na san babana, gane shi ne ban yi ba. Faransanci ma na da connaître da reconnaître, ka rubuta su a allo.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, wallahi na gane. Amma in ya ce to lokacin da nake kallon mai rawanin, wa nake tunani a kai, baba ko wani?

Malama:
Baba kake tunani ba ka sani ba, ni dai haka na gani, ko da yake nan wurin masana har yau ba su daidaita ba. In ya tambaya ka faɗa masa haka nan, sannan ka juya masa tambayar. Kuma ka bar waya ka je ka rubuta, Alhamis jibi ce.